Tambayoyi da Amsoshi Kan Saƙar Tsinke da Sana'ar Rubuta Tsarin Saƙa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu koyon saƙar tsinke, da kuma waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa har suka fara tunanin rubuta tsarin abin da suke saƙawa domin wasu su saya su bi. An yi magana da mace a cikin amsoshin saboda mata ne suka fi riƙe da wannan sana'a a wajenmu, amma babu abin da ya keɓe ta gare su, domin a tsibirin Taquile da ke tafkin Titicaca a ƙasar Peru maza ne suke saƙa, kuma hukumar UNESCO ta karrama sana'ar tufafin mutanen tsibirin a shekarar 2005. Duk inda aka ce "ido" ana nufin madauki guda na zare da ke kan tsinke, "layi" kuwa shi ne jerin idanun da aka saƙa daga wannan gefe zuwa wancan.

Mene ne bambancin saƙar tsinke da ta kwarashi, kuma da wacce ya kamata in fara?

A saƙar kwarashi ido ɗaya ne kawai yake a buɗe a kan ƙugiya, ana gama shi kafin a wuce zuwa na gaba. A saƙar tsinke kuwa duk idanun layi suna rataye a kan tsinke ɗaya a buɗe, ana kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗaya tsinken. Wannan ne ya sa yadin tsinke ya fi laushi da talewa, ya fi kwanciya a jiki, kuma yawanci ya fi cin zare kaɗan, shi ya sa ya fi dacewa da rigar sanyi da safa da hula. Kwarashi ya fi sauri kuma ya fi kauri, ya fi kyau ga jaka da shimfiɗar tebur da bargo. Wadda burinta rigunan sanyi ne ta fara da tsinke kai tsaye, amma ta ajiye kwarashi ɗaya a jakarta, domin da shi ake kamo idon da ya suɓuce.

Shin wannan saƙa ta Turawa ce?

Tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka sani a duniya daga Masar suka fito, safuna ne na auduga masu launin fari da shuɗin baba da aka saƙa tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 14, wasunsu ma da rubutun Larabci a jikinsu. A Sifaniya an samu rigunan matashin kai saƙaƙƙu a makabartar sarakuna ta Las Huelgas da ke Burgos, ɗaya daga kabarin wani yarima da ya rasu a 1275, kuma masana suna danganta aikin da masaƙa Musulmi. Daga baya ne sana'ar ta bazu a Turai, har William Lee ya ƙirƙiro injin saƙa safa a Ingila a 1589. Salon rubuta tsari da lambobi da taƙaitattun haruffa kuwa daga Turawa ya zo mana.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata, kuma me ya sa lambobin tsinke suke rikita ni?

Tsinke biyu masu kaurin milimita 4, dunƙulen zare mai matsakaicin kauri mai haske a launi, almakashi, tef ɗin awo, babbar allura mai faɗin ido mara tsini, da kwarashi ɗaya sun isa a fara. An ce zare mai haske ne saboda baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idanu, mai koyo ba ta ganin inda ta soka tsinkenta.

Rikicin lambobi kuwa ya samo asali ne daga tsarin awo uku da suke yawo tare a kasuwa. Tsinke mai lamba 8 a tsarin Amurka milimita 5 ne, amma lamba 8 a tsohon tsarin Ingila milimita 4 ne, kuma a tsarin Amurka lamba tana ƙaruwa ne tare da kauri alhali a tsohon na Ingila raguwa take yi. Mafita ita ce ki manta da lambobin, ki riƙa magana da milimita kaɗai, idan kuma kin zo rubuta tsari ki fara da milimita kafin komai.

Wane zare ya fi?

Babu wanda ya fi a ko'ina, sai dai wanda ya dace da aikin da kuma wanda zai sa kayan. Yawancin zaren da ake samu a kasuwanninmu, wanda kowa yake kira ulu, akirilik ne, wato zaren roba da aka sarrafa a masana'anta. Yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa, kuma ga kayan jarirai da ake wankewa kullum wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Aibinsa shi ne ba ya shan gumi, kuma dutsen guga mai zafi yana narkar da shi ko ya kashe talewarsa har abada. Ulun tumaki na gaskiya, musamman na irin tumakin da ake kira merino, ya fi ɗumi kuma yana komawa siffarsa bayan an ja shi, amma idan aka cuɗa shi a ruwan zafi sai ya motse ya cure, ba ya kuma warwarewa. Auduga tana da sanyi a jiki, ta dace da mafi yawan watannin shekara a ƙasashe masu zafi, sai dai tana da nauyi kuma idan ta miƙe ba ta dawowa, don haka doguwar riga ta auduga takan ƙara tsawo bayan an sa ta na ɗan lokaci.

Idan dunƙule ba shi da takarda, ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje mai iska. Ulu yana warin ƙonannen gashi kuma wutar takan mutu da kanta ta bar toka mai murmushewa, auduga tana ci kamar takarda, akirilik kuwa narkewa yake yi ya bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Abu na ƙarshe: ki sayi duk zaren da aikin zai ci a lokaci ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takardar kowane dunƙule ta zama ɗaya, domin ja biyu da suka yi kama a cikin shago sukan bambanta ƙarara idan rana ta haska su a jikin riga ɗaya.

Da gaske ne saƙa iri biyu kawai ake da ita?

Da gaske ne. Akwai saƙar gaba, inda ake soka tsinke a ido a jawo sabon zare daga baya zuwa gaba, akwai kuma saƙar baya, wadda ita ce kishiyarta. Duk wani ado da kika gani haɗa waɗannan biyun ne da ƙari da ragi da sauya wa idanu wuri. Idan kika yi saƙar gaba a kowane layi, za ki samu yadi mai kunya-kunya wanda yake kwanciya lafiya. Idan kika yi layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, za ki samu yadi mai santsi irin na rigunan kanti, amma gefensa zai riƙa naɗewa, kuma wannan ba kuskurenki ba ne, ɗabi'ar saƙar ce, maganinta a yi mata baki da wata saƙar da ba ta naɗewa. Idan kika riƙa yin biyu gaba biyu baya a cikin layi ɗaya, za ki samu saƙar roba da ake sa wa bakin hannu da wuya da gindin riga, kuma an saba yin ta da tsinken da ya gaza na jikin rigar da rabin milimita domin ta kama sosai.

A wane hannu ake riƙe zare?

Kowanne ya yi. Salon Ingila shi ne riƙe zare a hannun dama a naɗa shi a kan tsinke, salon sauran Turai kuwa a riƙe shi a hagu a ɗauko shi da bakin tsinke. Wadda ta saba da kwarashi takan fi jin daɗin na biyun, domin dama can a hagu take riƙe zare. Abin lura kawai shi ne kada ki sauya salo a tsakiyar riga ɗaya, saboda matsewar hannunki za ta sauya kuma wurin zai nuna.

Na bi tsari daidai, amma rigar ta yi girma. Ina matsalar take?

Kusan kullum matsalar tana ga ƙyallen gwaji da ba a saƙa ba. Kowane tsari mai kyau yana faɗin yawan idanu da layuka da ya kamata su cika santimita 10, kuma duk lissafin rigar a kan wannan adadi aka gina shi. A ce tsarin ya ce idanu 22 a santimita 10, kuma faɗin ƙirjin rigar santimita 100 ne, to za a umarce ki da idanu 220. Idan hannunki yana da sassauci har kina samun idanu 20 a santimita 10, waɗannan idanu 220 za su ba ki santimita 110. Idan kuma kina matsewa kina samun 24, rigar za ta tsaya a wajen santimita 92. Bambancin idanu biyu kacal a ɗan ƙyalle ya zama bambancin rigar da ta dace da wadda sai dai a bayar kyauta.

Ga yadda ake yin gwajin yadda zai amfane ki. Ki saƙa ƙyalle wanda ya kai santimita 15 a kowane gefe, da zaren da tsinken da za ki yi aikin da su, da kuma irin saƙar da ke jikin rigar. Ki rufe idanun, ki wanke shi kamar yadda za a riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa shi ya bushe ba tare da kin ja shi ba. Sannan ki ɗora ma'auni a tsakiyarsa, nesa da gefe inda idanu sukan karkace, ki soka fil biyu a tazarar santimita 10 ki ƙirga abin da ke tsakaninsu, har da rabin ido idan akwai, domin rabin nan ma yana taruwa ya zama wani abu. Idan idanunki sun yi yawa ki ƙara kaurin tsinke, idan sun gaza ki rage. Kaurin tsinken da aka rubuta a tsari shawara ce, adadin idanun shi ne doka.

Akwai wani tarko kuma: mutane da yawa hannunsu ya fi sassauci a saƙar baya, don haka gwajin da aka yi a shimfiɗe ba ya nuna abin da zai faru a saƙar zagaye, wadda ake kewayawa ba a juya aiki, inda babu layin baya ko ɗaya. Abin da za a saƙa a zagaye, a gwada shi a zagaye.

Idanuna suna ƙaruwa ba tare da na yi niyya ba, wani lokaci kuma rami yana fitowa.

Abu biyu ne suka fi jawo haka ga mai koyo. Na farko, a farkon layi idan aka ja zare ta saman tsinke zuwa baya, ido na farko yakan juye ya nuna ƙafafunsa biyu kamar idanu biyu, sai a saƙa duka. Na biyu, a manta a mayar da zare baya bayan saƙar baya, sai ya haye tsinke ya zama sabon ido da rami a ƙarƙashinsa. Ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi har sai hannu ya saba yana maganin duka biyun. Idon da ya suɓuce ya gangara ƙasa ba ya buƙatar a warware aiki, ana kamo shi da kwarashi a riƙa jawo zarurrukan da ya bari ɗaya bayan ɗaya har ya dawo kan tsinke. A saƙa mai wuyar ado kuwa, ki riƙa zura siririn zare mai wani launi cikin duk idanun layin da kika tabbata daidai yake, ta yadda idan warwara ta zama dole za ta tsaya a nan.

Yaya ake saƙa riga ba tare da ɗinki ba?

Da tsinken zagaye, wato gajerun tsinke biyu da igiyar roba ta haɗa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara daga wuya, a sa alama a wurare huɗu da suka raba gaba da baya da hannuwa biyu, a riƙa ƙara ido ɗaya a kowane gefen alama a zagaye ɗaya a bar ɗaya, wato idanu 8 a kowane zagayen ƙari. Idan aka kai hammata sai a ajiye idanun hannuwa a kan wani zare, a ci gaba da jiki, daga baya a dawo kan hannuwan. Amfanin wannan hanya shi ne ana iya gwada rigar a jikin mai ita tun ba a gama ba. Sai dai ɗinki ma yana da nasa amfanin, domin shi ne yake riƙe nauyin riga a kafaɗa da gefe, kuma babbar rigar auduga da ba ta da ɗinki ko ɗaya ta fi saurin zubewa.

Ina son shiga saƙar launi biyu da ta tufka.

Saƙar launuka da ta shahara da sunan Fair Isle, wani ƙaramin tsibiri a Shetland ta Sikotilan, tana amfani da launi biyu ne kawai a kowane layi komai yawan launukan rigar. Launin da ba a saƙa shi yana bi ta baya, kuma duk wahalar tana nan: idan aka ja shi sai yadin ya tattare, idan ya yi tsawo sai yatsa ya maƙale a ciki. A kayan jarirai kada zaren baya ya tsallake fiye da idanu uku ko huɗu ba tare da an kama shi ba. Tufka kuwa, wadda rigunan tsibiran Aran na ƙasar Ailan suka yi suna da ita, ana yin ta ne ta hanyar ajiye wasu idanu a ɗan tsinke na uku a saƙa na bayansu sannan a dawo kansu. Tana janye faɗin yadi sosai, don haka lissafin saƙa mai santsi ba ya yi mata, sai an yi mata nata gwajin.

Me ya sa zan sayar da tsari maimakon in saƙa kaya in sayar?

Domin hannu yana da iyaka. Rigar sanyi ta babba tana cin kwanaki masu yawa, kuma a kasuwar da gwanjo da kayan inji suka cika, da wuya mai saye ya biya kuɗin waɗannan kwanaki. Tsari kuwa sau ɗaya ake wahalarsa, a sayar da shi ga mutum ɗaya ko ɗari ba tare da an sake taɓa zare ba. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: yawancin masu saƙa a garuruwanmu da ido suke koyo, a ga riga a kwaikwaya, kuma biyan kuɗi domin takarda bai zama al'ada ba tukuna. Saboda haka a ganina wadda za ta fara kada ta jingine saƙar sayarwa da koyarwa, ta ɗora tsarin a kansu, ɗalibanta su ne masu sayenta na farko.

Me ya wajaba ya kasance a cikin tsari?

Ki riƙa tunawa da cewa mai saye ba ta kusa da ke, ba za ta iya leƙowa ta ga yadda kika yi ba, takardar ce kaɗai a gabanta. Don haka dole ta samu hoton kayan daga gaba da baya, da awon kowane girma bayan an gama, da irin zare da kaurinsa da tsawonsa a mita, da kaurin tsinke, da adadin gwaji tare da bayanin irin saƙar da aka auna da ko an wanke kafin awo, da ma'anar duk wata taƙaitacciyar kalma, sannan umarnin kansa. Bayan kowane layin ƙari ko ragi ki rubuta yawan idanun da ya kamata su rage a kan tsinke, domin da wannan ne mai saƙa take gane ta kauce tun ba ta yi nisa ba. Kada ki rubuta "a yi ragi kaɗan" ko "har ya yi daidai", ki faɗi ido nawa, a wane layi, a wane gefe.

Game da kaurin zare, sunan kamfanin da kika yi amfani da shi bai isa ba, saboda ba lallai a same shi a garin mai saye ba. Ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka ta kasa zare gida takwas daga 0 zuwa 7, kuma lamba 3, alal misali, tana ba da idanu 21 zuwa 24 a santimita 10, lamba 4 kuwa 16 zuwa 20. Ambaton wannan lamba tare da mita nawa ne a giram 100 yana ba kowa damar neman makwafi. Yawancin masu saye a waya za su karanta, don haka fayil ɗin PDF ya zama mai ginshiƙi ɗaya a kowane shafi ba ginshiƙai biyu ba, da manyan haruffa, kuma mara nauyi.

Yaya ake fitar da girma dabam-dabam daga samfuri ɗaya?

Wannan shi ne ainihin aikin mai tsara saƙa, kuma lissafi ne tsantsa. Ana farawa da awon jiki. A jadawalin ƙungiyar da aka ambata, ƙirjin jariri ɗan wata 3 santimita 40.5 ne, ɗan wata 6 santimita 43, ɗan wata 12 kuma 45.5. Sai a ƙara sararin walwala, a ce santimita 5, a samu 45.5 da 48 da 50.5. Idan gwajinki idanu 22 ne, kowace santimita tana cin ido 2.2, don haka za a samu kusan idanu 100 da 106 da 111. To amma a ce adon da ke jikin rigar yana maimaita kansa ne duk bayan idanu 6, dole kowane adadi ya rabu da 6, sai a matsa zuwa 102 da 108 da 114. Daga nan sai a koma baya a lissafa faɗin da waɗannan za su bayar, wato kusan santimita 46.5 da 49 da 52, kuma waɗannan ne za a rubuta a tsarin, ba awon da aka fara da shi ba.

Haka za a bi tsawon jiki da zurfin hammata da faɗin hannu da wuya, kowanne da nasa awon, domin jiki ba ya girma bai ɗaya. Kan jariri babba ne idan aka kwatanta da ƙirjinsa, kuma kuskuren da ya fi yawa a rigunan jarirai shi ne wuyan da kai ba ya shiga, shi ya sa ake sa maɓalli a kafaɗa ko a buɗe gaban. A wajen manya kuwa, kafaɗa da tsawon hannu ba sa ƙaruwa gwargwadon yadda ƙirji yake ƙaruwa, kuma wadda ta ninka komai da adadi ɗaya za ta fitar da babbar riga mai hannu har gwiwa. Hula kuma akasin riga ce, ana yin ta ƙasa da awon kai da santimita biyu zuwa uku domin ta kama. Ki yi duk wannan a Excel ko Google Sheets, ta yadda idan kin gyara adadi ɗaya sauran za su bi shi.

Yaya zan san yawan zaren da zan rubuta?

Da sikeli mai auna giram. Idan dunƙulen giram 100 yana da mita 280, kuma samfurinki ya yi nauyin giram 130, kin ci mita 364. Ki ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda gwaji da bambancin hannu, ki rubuta mita 400. Sauran girma ana fitar da su ne ta kwatanta jimillar idanunsu da ta samfurin.

Dole ne sai wasu sun gwada kafin in sayar?

Dole ne, kuma aiki biyu ne dabam. Mai duba lissafi tana bin kowane adadi na kowane girma da alƙalami ba tare da ta saƙa komai ba, ta tabbatar ragi da ƙari sun kai inda aka ce, kuma ita biyanta ake yi. Masu gwajin saƙa kuwa suna bin umarnin kamar yadda mai saye za ta bi, su ne suke gano jimlar da take da fuska biyu. Ke ba za ki iya gano ta ba, domin kin san abin da kike nufi. Ki nemi aƙalla mutum ɗaya ga kowane girma, musamman mafi ƙanƙanta da mafi girma, ki haɗa da wadda ba ta ƙware ba, ki ba su isasshen lokaci, kuma ki fayyace tun farko abin da za su samu, ko kuɗin zare ne ko tsarin kyauta. Idan wata ta tambaye ki ma'anar wani layi, kada ki tsaya ga ba ta amsa, ki koma ki gyara layin.

A ina ake sayarwa, kuma yaya kuɗi yake shigowa?

A waje, babbar matattarar masu saƙa a intanet ita ce Ravelry da aka buɗe a 2007, sai kuma kasuwar intanet ta Etsy da ta fara a 2005, wadda take karɓar santi 20 na dala a kan kowane kaya da aka baje da kuma kashi 6.5 cikin ɗari na ciniki tun daga 2022. Cikas ɗin da aka daɗe ana fuskanta shi ne karɓar kuɗi. Ravelry ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, take biya, shi kuwa PayPal ya shigo Najeriya a 2014 ne da damar biya kawai ba ta karɓa ba, Etsy kuma tana da jerin ƙasashen da ta yarda a buɗe shago daga cikinsu. Ki bincika sharuɗɗan da ke aiki a ranar da za ki fara kafin ki kashe kuɗin fassara tsarinki zuwa Turanci. Haka kuma tun 1 ga Janairu 2015 Tarayyar Turai take ɗora harajin sayen kaya na VAT a kan kayan intanet gwargwadon ƙasar mai saye, shi ya sa ya fi sauƙi a bi ta dandalin da yake ɗauke wannan nauyi.

A gida kuwa, Selar dandali ne na Najeriya da aka gina domin sayar da irin waɗannan fayiloli, yana tura wa mai saye kayanta da zarar ta biya, ana kuma iya karɓar kuɗi ta Paystack ko Flutterwave. Da yawa suna farawa ne da tura kuɗi ta banki da aika fayil ta WhatsApp, kuma babu laifi a hakan muddin masu saye ba su yi yawan da za a fara mantawa da wani ba.

Nawa zan sa masa kuɗi?

Ki tara abin da kika kashe: zaren samfuri, ladan mai duba lissafi, abin da kika ba masu gwaji, hoto, data, da kwanakinki. Ki raba da yawan mutanen da kike da yaƙinin za su saya a shekarar farko, ba waɗanda kike fata ba. Idan abin da ya fito ya fi ƙarfin masu sayenki, ki sauƙaƙa aikin, ki fara da hula da safar jarirai kafin riga mai girma bakwai. Tsari ɗaya ƙarami na kyauta yana da amfani, domin da shi baƙuwa take gane ko rubutunki yana biyuwa, amma ya samu duba da gwaji kamar na kuɗi.

Idan aka yaɗa fayil ɗina kyauta fa? Kuma yaushe kwaikwayo yake zama sata?

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare rubutu da hoto da zane tun daga lokacin da aka samar da su, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce take kula da ita. Abin da dokar ba ta karewa shi ne dabarar kanta: saƙar roba da tufka da fara riga daga wuya gadon kowa ne. Ɗaukar tsarin wata a fassara shi zuwa Hausa a sayar, ko a sauya launi da suna, shi ne abin da bai halatta ba. Game da yaɗawa a zaurukan WhatsApp, ba a iya toshe shi gaba ɗaya. Abin da yake aiki shi ne ki sa sunan sana'arki a kowane shafi, ki yi wa mai zauren magana cikin mutunci domin galibi rashin sani ne, sannan ki ba masu biya abin da fayil kaɗai ba ya bayarwa, kamar gajerun bidiyo na wuraren da ke da wuya da amsa tambaya. Ki kuma rubuta a fili ko kin yarda a sayar da kayan da aka saƙa da tsarin. Shawarata ki yarda, domin yawancin masu sayenki don sana'a suke saƙa.

Sai na yi rajista?

Ba sai kin yi kafin cinikin farko ba, amma rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ita ce take ba ki damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Tun kafin nan ki ware littafi na shiga da fita, kowane tsari da shafinsa, domin ki san wanda ya mayar da kuɗinsa.

Yaushe ya fi dacewa a fitar da sabon tsari?

Kafin sanyi, ba cikinsa ba. Hunturu yana kankama ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma mai saƙa tana buƙatar makonni kafin ta gama, don haka tsarin rigar sanyi ya fito a Satumba ko farkon Oktoba, wanda yake nufin samfuri da lissafi da gwaji duk aikin damina ne. Wannan lokaci ya zo daidai da kakar Turai da Amurka, amma a Afirka ta Kudu da Ostareliya sanyi yana faɗowa ne daga Yuni zuwa Agusta. Kayan jarirai ba su da lokaci, haihuwa da suna ba sa jiran hunturu.

Na gano kuskure bayan an riga an saya. Me zan yi?

Ki gyara fayil ɗin a ranar, ki sa masa sabuwar lamba da kwanan wata a shafin farko, ki tura wa duk wadda ta saya tare da bayanin shafi da layi da girman da abin ya shafa, da abin da aka rubuta da, da abin da ya kamata ya zama. Wannan ne dalilin da ya sa ake ajiye sunayen masu saye tun daga ranar farko. Idan kuskuren ya sa wata ta warware aikin kwanaki, ki mayar mata da kuɗinta ko ki ba ta wani tsarin kyauta, sannan ki koma jadawalin lissafinki ki duba ko adadin da ya kauce ya ja wasu girman tare da shi.